Askin Baba Loc

Madam Tuyet ta dire kwanon romon taliya a gaban 'yarta da ƙarfi har ya fantsalo kan tebur.

"Kalma biyu ce fa, Diem! Likitan dabbobi. Harshensa zai guntule ne in ya faɗa?"

"Momi, ai ba likita ba ne."

"Ba ya sa farar riga? Ba ya taɓa dabba? To me ya rage?"

"Karatun shekara takwas," in ji Diem can ƙasa-ƙasa.

Hantsin Lahadi ne a gidansu da ke Alief, cikin Houston. Saura sati uku dangin Khoa su kawo kayan baiko. Ita kuwa Madam Tuyet ta riga ta shelanta wa kowa a shagonta na gyaran farce cewa surukinta likita ne, ƙanwar mijinta Gwaggo Shida, wadda bakinta ya fi gidan rediyo nisan zango, ta kai labarin har California.

Alhali Khoa farar mota gare shi mai hoton kare da kumfa a ka. Gida-gida yake bi yana wanke karnuka da kyanwoyin mutane, ya yi musu aski, ya yanke farce, ya goge kunne.

Ana cikin haka sai ga shi da ledar lemo. Ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya rusuna.

"Ina kwana, Mama?"

"Ajiye gaisuwar. Ranar baiko kawunka zai miƙe ya faɗi sana'arka a gaban dangi. Me zai ce?"

Khoa ya dubi Diem, idanunta sun ciko. Ya sunkuyar da kai.

"Abin da nake yi zai faɗa, Mama. In na shigo gidanki da ƙarya, da me zan zauna a cikinsa?"

"Au, wa'azi za ka yi mini? Kai da kake goge wa kare gindi?" Ta buga ƙirji. "Shekara ashirin da takwas ina durƙushe gaban ƙafafun mata, suna waya a saman kaina kamar kujera ce ni! Na shaƙi wannan warin ne don 'yata ta yi digiri ta ɗaga kai, ba don ta auri wanda ya fi ni durƙuso ba. Ni ko ba komai ƙafar mutum nake riƙewa!"

Garam! Wani abu ya fashe a ɗakin baya.

Baba Loc ne, mahaifin Diem. Tun da ciwon mantuwa ya kama shi yake komawa can baya, zamanin da aka tsare shi a kurkuku bayan yaƙin ƙasarsu, inda ake danne su ana aske musu kai. Yanzu duk wanda ya nufo shi da almakashi, mai gadin kurkuku yake gani. Wata biyar ke nan ba wanda ya taɓa gashinsa ko gemunsa. Wanzamin da aka ɗauko daga titin Bellaire da takalmi ɗaya ya fita. Tun daga nan Madam Tuyet ta ja ƙofar ɗakin, in dangi sun tambaya ta ce yana barci.

Ta share ido da gefen hannu, ta nuna wa Khoa ƙofa.

"Ba baiko. Kwashe lemonka."

"Momi, filis!"

"Ki bi shi in kina so. Amma ki san kin bar ni da ubanki."

Diem ba ta bi shi ba. Sati guda tana kuka a banɗaki, famfo a buɗe don kada a ji. Khoa kuma ko sau ɗaya bai ce mata su je kotu su ɗaura abinsu a ɓoye ba. Saƙonsa kullum ɗaya ne: "Ki ci abinci. Ki bi Mama a hankali."

Ranar Litinin ta gaba nas ɗin da ke leƙo Baba Loc ta ɗaga gemunsa da tsinken auduga, ta ɓata fuska. Gashin ya cuɗe ya dunƙule, fatar ƙasansa ta fara ruwa.

"In ba a aske shi zuwa Juma'a ba," in ji ta, "sai mu kai shi asibiti a ɗaure shi a gado a yi."

Diem ta san abin da ɗauri zai yi wa mahaifinta. Uwarta na fita shago ta ɗauki waya.

"Khoa, sori, na san an kore ka, amma askin Baba ne..."

"Ƙarfe nawa Mama take dawowa?"

"Shida."

"Ina zuwa ƙarfe biyu. Kada ki ce wa Baba komai."

Ranar farko ko aski bai ambata ba. Ya zauna a ƙasa can gefe, ya ba tsohon kafaɗa, bai dube shi ido cikin ido ba, yana ɓare lemo yana ci. Diem ta kusa fashewa.

"Wai lemo ka zo sha? Saura kwana huɗu!"

"Wanda ya firgita ba a zuwa masa ta gaba, ba a kuma tsaya masa a ka," ya raɗa mata. "Shi zai zo."

Rana ta biyu ya ajiye injin aski a kan tabarma, a kashe. Baba Loc ya harare shi awa guda, sannan ya taɓa shi da yatsan ƙafa. Rana ta uku Khoa ya kunna injin a cikin aljihunsa, ƙarar na fita kaɗan-kaɗan, ya fito da shi ya aske gashin hannunsa shi kansa. Tsohon ya yi dariya, karon farko cikin watanni.

Ranar Alhamis, injin na kan tafin hannun Baba Loc yana jin kaɗawarsa, sai suka ji an murɗa mukulli. Ƙarfe huɗu ko cika ba ta yi ba.

Madam Tuyet ta tsaya a bakin ƙofa, jaka a hannu. Ta ga mijinta, ta ga inji, ta ga wanda ta kora. Ta buɗe baki.

"Mama," in ji Khoa, muryarsa a kwance, bai ko waiwayo ba, "ki zage ni anjima, zan tsaya ki gama. Amma yanzu kada ki ɗaga murya. Ki zauna ƙasa, inda zai gan ki."

Numfashin tsohon ya riga ya sauya. Yatsunsa sun damƙe wuyan hannun Khoa, dogayen faratan suka nutse cikin fata har jini ya tsattsafo.

"Mai gadi..." Baba Loc ya ce, idanunsa kan inuwar da ke ƙofa.

"Momi, zauna!" Diem ta raɗa.

Khoa bai fizge hannu ba. Mutumin da karnuka suka sha ciza ya san fizgewa ita ke ƙara ɓarna. Ya ci gaba da magana a hankali, maganar lemo, maganar zafin gari.

Madam Tuyet ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Da abin askin kare za ka taɓa mini miji?" ta ce, haƙora a datse.

"Sabo ne fil, Mama. Ga kwalinsa can."

A hankali damƙar ta saki. Khoa ya fara daga gefen kunne. Ya aske kaɗan, ya tsaya, ya bar tsohon ya huta, ya sake. Inda gashi ya manne da ciwo sai ya tura yatsunsa biyu tsakani, don in yanka za a yi, shi a yanka. Awa ɗaya da rabi ba wanda ya yi tari. Da dunƙulen ƙarshe ya faɗi, sai ga fuskar da Madam Tuyet ta aura, ta rame, amma ita ce.

Baba Loc ya dube ta da kyau.

"Tuyet? Yau kin taso da wuri."

Wata biyu rabon da ya kira sunanta. Ta toshe baki da hannu, kafaɗunta na girgiza.

"Saura farce," in ji Khoa. "Wannan kuma ba ni da bakin magana a gabanki."

Ta buɗe jaka ta fito da kayan aikinta, ta ɗora ƙafar mijinta a cinya. Sai da ta gama yatsu biyar kafin ta yi magana, ba ta ɗago ba.

"Diem, wanke wa Khoa hannun nan, ki sa magani. Ke kuma kin tsaya kina kallon mutane kamar gunki!"

Ranar baiko falo ya cika maƙil. Baba Loc na zaune cikin shuɗiyar riga, kai fes, yana karɓar shayi. Kawun Khoa ya miƙe zai yi bayani, sai Gwaggo Shida ta riga shi.

"Likita, ɗan zo mana! Wane asibiti kake?"

Diem ta runtse ido.

"Ba likita ba ne, Shida," in ji Madam Tuyet da ƙarfi. "Ni na yi ƙarya. Karnuka yake wankewa, yana yi musu aski."

"Karnuka?" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Shi ne za ki ba shi 'yar yayana?"

"Wata biyar yayan naki yana ɗaki, sau nawa kika matsa sai kin gan shi? Dube shi yanzu. Hannun nan ne ya yi, ni kuma na yanke farce. Mu biyu duk masu durƙuso ne. In da mai ƙyama, ga ƙofa, amma a bar mana gasasshen naman!"

Aka kwashe da dariya. Gwaggo Shida dai ba ta tafi ba, har ƙari ta nema.

Diem ta miƙa wa uwarta shayi da hannu biyu, hawaye na ɗiga kan faranti.

To 'yan mata da samari, kun dai ji. Da Khoa ya yarda da kalma biyun nan, da har yau yana ɓoye motarsa a bayan layi. Ba sana'a ke ƙasƙantar da mutum ba, ƙarya ce da girman kai. Wanda kuma ya yi haƙuri da fushin iyaye, bai rama ba, bai gudu ba, watarana da bakinsu za su kare shi a gaban jama'a.