Simintin Alhaji Dalhatu

Atika na tankaɗe a tsakar gida, mahaifinta Alhaji Dalhatu ya shigo yana fara'a, abin da aka daɗe ba a gani ba a gidan nan na Tudun Wada.

"Saratu!" ya ƙwala wa matarsa kira. "Magana ta ƙare, Muntaka ne zai raba mu da Malam Isiyaku!"

Lokacin kuɗin fetur ya sa kowa gini. Alhaji ya sayar wa Malam Isiyaku, wani ɗan kasuwar Maraɗi, siminti mota guda, da aka sauke aka tarar rabi ya daskare. Alhaji ya ƙi kotun Nijar, Isiyaku ya ƙi ta Nijeriya. Ana haka Muntaka ya zo hutu daga Landan, inda yake digiri na biyu kan dokar raba gardamar 'yan kasuwar ƙasa da ƙasa ba tare da an je kotu ba. Isiyaku ya yarda da shi, don bai san shi ke neman auren Atika ba. Alhaji kuwa da wannan ya dogara.

Da Muntaka ya zo zance da la'asar, Atika ta tare shi.

"Don Allah gobe kada ka ambaci maganarmu."

"Atika, lakcar farko ke nan a kwas ɗinmu. In kana da alaƙa da ɗaya daga cikin masu gardamar, dole ka faɗa kafin ka zauna."

"Lakca! Ni za ka aura ko lakca?"

Washegari tana laɓe bayan ƙofar zaure ta ji shi da kunnenta.

"Malam Isiyaku, 'yar Alhaji nake nema. In kana so, nemi wani."

"Tunda ka faɗa da bakinka, kai nake so," in ji Isiyaku.

Muntaka ya saurari kowa, ya je ya duba rumfar ajiyar Alhaji, ya ga inda rufin ke yoyo tun damina. Ya ce asarar ta Alhaji ce.

"A zaurena?" Alhaji ya daka tsawa. "Fita! Kada na ƙara ganin ƙafarka a gidan nan!"

Atika ta yi kuka har ta gaji. Ta ji haushin Muntaka ƙwarai, amma son bai ragu ba. Ya koma karatunsa, ita kuma ba ta yi wa mahaifinta musu ba, ba ta kuma kula kowa ba.

Bayan shekara wani ɗan kwangila, Lawal, ya fito neman ta, da sabuwar Fijo da baki kamar zuma. Yana gaida Alhaji, don neman shiga, ya ce, "Ai Baba, da ni ne na raba ku da Isiyaku, rumfar nan ko kallon ta ba zan yi ba. Baƙo ne fa, wa zai sani?"

Alhaji ya daɗe yana kallon sa. Da ya sallame shi, ya shiga gida ya kira Atika.

"Wannan zai cuci baƙo saboda ni. Ran da na mutu, ke zai cuta saboda wani." Ya yi gyaran murya. "Shi wancan mai taurin kan, yaushe zai gama karatun?"

"Watan gobe, Baba," ta ce tun bai rufe baki ba.

Saratu ta ƙyalƙyale da dariya.

Ranar ɗaurin aurenta da Muntaka har Malam Isiyaku ya zo daga Maraɗi. Haƙurin Atika bai faɗi ƙasa ba. 'Yan mata, ku riƙe wannan: mutumin da ya ƙi zaluntar wani don ya same ki, shi ne ba zai zalunce ki ba in ya samu.