Kwaɗon Ƙarfe na Dam ɗin Gamjigo

Kwaɗon Ƙarfe ya sulala bisa ruwan Dam ɗin Gamjigo, idanunsa na gilashi suna bin masu ninƙaya ɗaya bayan ɗaya. Na'ura ce mai girman kwalekwale, da hasken rana take aiki, tana da hannuwa biyu na roba. Injiniya Larai Tanko ce ta ƙera shi, don dam ɗin yana can ƙuryar daji. Kafin jirgin asibiti ya taso daga birni, wanda ya nutse sai dai addu'a. Burinta ɗaya ne: kada ruwan nan ya ci kowa.

Kwaɗo kuwa akwai ladabi. In ya ga mutum yana fafutuka, sai ya matso ya tambaya tukuna.

Ranar yawon salla, wani direban mota mai tashi sama, mai suna Barau, ya kawo surukinsa, Alhaji Jatau, shan iska. Don burgewa Barau ya yi ta iyo har tsakiya, can jijiya ta riƙe masa ƙafa. Kwaɗo ya iso.

"Sannu da wanka. Lafiya kake?"

Barau ya kurɓi ruwa, ya saci kallon surukinsa a gaɓa. "Lafiya lau, alhamdu lillahi."

"Madalla," in ji Kwaɗo, ya yi gaba abinsa.

Allah ya sa idon Larai na kan allon da take lura da Kwaɗo. Nan take ta danna maɓallin tilasta ceto, Kwaɗo ya koma ya tsamo mutumin kamar wanki.

"Malam, me ya hana ka neman ceto?" ta tambaye shi bayan ya gama amayar da ruwa.

"Haba Hajiya, a gaban Baba zan yi ihu? Ai da kunya."

Alhaji Jatau ya gyaɗa kai. "Yaron kirki ne."

Takaici ya ishi Larai. Ta sake wa Kwaɗo ƙwaƙwalwa: daga yau kada ya yarda da bakin kowa.

Shi ke nan fa. Kana shiga ruwa zai gaishe ka, kana amsawa zai sungume ka ya dire a gaɓa. Har gwanin ninƙaya na jiha bai tsira ba. Mutane suka yi dariya, suka gaji, suka daina zuwa.

A ƙarshen shekara hukuma ta aiko wa Larai lambar yabo, don ba a rasa rai ko ɗaya a Gamjigo ba. A gaɓa ta karɓa, ita kaɗai, Kwaɗo yana can yana tambayar wata agwagwa lafiyarta.