Alkaki Guda a Kwanon Kaka

Ya kai mai karatu mai daraja, ma'abocin hankali da natsuwa, ka ba dattijo aron kunnuwanka.

A zamanin da, wata yarinya ta tafi gaida kakanta ranar salla, ɗauke da kwanon alkaki, saƙon mahaifiyarta. Ta taɓa tafiya, ta ɗanɗana ɗaya. Ta ƙara tafiya, ta ɗanɗana ɗaya. Ko da ta isa, saura guda.

Tsoho ya buɗe kwano ya ce, "Amaryata, ashe uwarki ta koyi rowa?"

Yarinya ta ga sunan mahaifiyarta zai ɓaci. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Cike ta ba ni, angona. Ni na cinye."

Tsoho ya yi dariya har hularsa ta faɗi, sa'an nan ya yanke mata tara: salla mai zuwa ita za ta soya alkakin, shi kuwa yana bakin murhu yana ɗanɗanawa.