Kati Na Goma Sha Bakwai

Ka taɓa buga wa abokin aikinka katin shigowa alhali bai zo ba? Ni na yi. Kati arba'in da uku, kowace yamma, wata uku cur.

Sunana Haerani, ana kirana Rani. Na gama karatun harkar otal a birnin Mataram da sakamako mai kyau, na samu aiki a wani otal mai ɗaki sittin a bakin tekun Senggigi, kaina cike da dabaru. Wata biyar da farawata annoba ta zo. Aka rufe filin jirgi, jiragen ruwan tsibirin Bali suka tsaya, baƙi suka ɗauke ƙafa. Manajanmu, Pak Darwis, ya tura ma'aikata gida ba albashi. Saura ni a ofis, sai Amaq Sapar mai gadi.

Da aka ce gwamnati za ta tallafa wa otal ɗin da bai kori ma'aikatansa ba, ni na rubuta takardar nema, shafi goma sha takwas, har da tsarin yadda za a dawo da kowa bi da bi. Ni ce kuma na kawo shawarar a ajiye na'urar dangwala yatsa saboda cuta, a koma ta buga kati. Har tafa mini Pak Darwis ya yi.

"Kin ga amfanin karatu," in ji shi. "To kafin tallafin ya fito, ki riƙa buga katunan nan da yamma. In masu bincike suka ga ba kowa, mun rasa ke nan. Don su kike yi, Rani."

Na yarda da shi. Kullum nakan gama kafin rana ta faɗi.

Ran wata Alhamis aka tsare ni a shingen hanya ana duba takardar izinin fita, ban iso ba sai da sama ta yi ja. Amaq Sapar na bakin ƙofa yana zuƙar tabarsa mai kanumfari.

"Mai digiri, yau kin makara. Ki bari sai gobe mana. Ginin nan ya daɗe ba mutane, ba na son magariba ta same ki ciki."

"Haba Amaq, ai aljanun ma an hana su tafiye-tafiye."

Bai yi dariya ba.

Na'urar tana lungun bayan kicin. Wurin na warin danshi da tsohon mai. Ba ka jin komai sai teku daga nesa. Na kwance robar katunan na fara. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. A na goma sha bakwai na tsaya na yi wa hoton murmushi. Inaq Mahyun ce, wato uwar Mahyun a yarenmu, mai gyaran ɗakuna, shekara ashirin da biyu a otal ɗin. Ita ta koya mini ba a faɗa wa ɗakin da ba kowa, sai an ƙwanƙwasa sau uku an yi sallama. Ita ke raba mini shinkafarta da yaji a ganyen ayaba, tana cewa digiri ba ya cika ciki.

Ƙwas.

Aka ta da kiran salla a masallacin ƙauye. Sai na ji wani abu a hawa na biyu.

Ƙiii. Ƙiii. Ƙiii.

Na san ƙarar nan. Keken tura zannuwan gado ne, mai tayar da ta ƙi gyaruwa. Ya tsaya. Aka ƙwanƙwasa ƙofa sau uku. Wata murya ta yi sallama a hankali. Ƙofa ta buɗe.

Wallahi murna na yi. Na ce tallafi ya fito, an fara dawo da su, tsarina ya yi aiki. Na haura bene da gudu da katunan a hannuna.

Ba wuta a hawan, sai ɗan hasken magariba daga tagar ƙarshe. Keken na ƙofar ɗaki na ashirin da huɗu. Tana ciki ta ba ni baya, ta sunkuya tana ja wa zanin gado kusurwa.

"Inaq! Yaushe aka kira ku?"

"Ke kike kirana kullum, 'yata."

Muryarta ce. Sai dai kamar daga cikin tulu take fitowa.

Na shiga. Na ji ƙamshin man zafin da take shafawa a wuya. A ƙarƙashinsa akwai wani ƙamshin. Kafur.

Ta matsa ɗaya gefen gadon. Jikinta na ƙara. Kacau. Kacau. Kamar an saka leda a cikin rigar aiki.

"Kwana arba'in da ɗaya ban huta ba," ta ce. "Da na kwanta sai in ji katina. In tashi. Hanyar da nisa, Rani. Ƙafata ciwo."

Na dubi ƙafar. Ba takalmi. Jar laka har idon sawu, ga shi rabon garin da ruwa ya fi mako.

"Inaq..."

"An ce an biya mu?"

"Ba a... tallafin bai fito ba tukuna."

Ta miƙe. Ta juyo. Takunkumi ya rufe rabin fuskarta. Idanun ba sa ƙiftawa.

"Haka ya ce miki?"

Igiyar takunkumin ta zame daga kunne ɗaya.

Auduga a hanci. Auduga a baki.

Na ja da baya. Ƙofa ta rufe kanta.

"Ba ni katina."

Na buɗe baki in yi addu'a. Harshe ya ƙi.

Hannu ya kama wuyan hannuna. Sanyi. Santsin leda.

"Ba ni. In kwanta."

Katunan suka watse a ƙasa. Na durƙusa ina lalube da hannu ɗaya. Duhu. Numfashina kawai nake ji. Nata babu.

Kacau. Ta sunkuyo.

Na ɗaga wani. Ba shi ba. Wani. Ba shi ba.

Audugar ta taɓa kunnena.

Na goma sha bakwai. Na tura mata.

Ta sake ni.

Ban san yadda na tattara katunan na sauko ba. Na dai farka a kan tabarmar Amaq Sapar yana tofa mini addu'a, sauran katunan a dunƙule a hannuna. Na faɗa masa abin da na gani. 

"Mamaci ba ya dawowa," ya ce. "Amma akwai mutanen ɓoye da suka zauna da ita a ginin nan shekara ashirin, sun san muryarta, sun san abin da ke cinta."

"Ta rasu ke nan?"

"Kwana arba'in da ɗaya. Numfashi ya gagare ta. Ta kira Pak Darwis sau uku a taimaka a kai ta asibiti, bai ɗauka ba. A leda aka naɗe ta, mutum huɗu suka binne ta. Ɗanta Mahyun na gonar manja a Malesiya, iyaka a rufe, ta waya ya ga kabarin."

"Kuma ka bar ni ina buga mata kati?"

"Pak Darwis ya ce in na faɗa miki in ajiye makulli. Jikoki huɗu ke ci a hannuna." Ya murje tabar da ƙafa. "Tallafin ma ya fito tun kafin ta kwanta rashin lafiya. Ni na buɗe wa sabuwar motarsa ƙofa."

Da safe na je gidan Pak Darwis. Bai ma ce in zauna ba. Ya saurare ni yana motsa kofi.

"Wa ya rubuta takardar, Rani? Wa ya ce a koma kati? Hannun wa ya buga su wata uku?" Ya yi murmushi. "Ke yarinya ce mai kai. Je ki yi tunani."

Na yi tunanin. Mako biyu ina yi. Shatin yatsu huɗu bai bar wuyan hannuna ba, kuma har yau in aka motsa leda kusa da ni sai na tashi daga wurin. Ban koma otal ɗin ba. Amaq Sapar ya ce tun daga ranar keken bai sake ƙara ba. Amma jiya ya ga mota ta sauke kwali a ofis. Sabbin katuna ne, arba'in da uku. An samu wata sabuwar mai digiri, za ta fara ran Litinin.

Tsoffin guda arba'in da biyu suna wurina, kowanne da shaidar kwanakin da aka ce mai shi ya zo aiki aka biya shi. Zan kai su ofishin ƙwadago, na kuma san sunana ne zai fara fitowa. Ni kaɗai za a ce ƙarya nake.

In ka yi aiki a otal ɗin nan, ko uwarka, ko mijinki, ku zo harabar masallacin ƙauye ran Juma'a bayan salla. Kowa ya karɓi katinsa mu tafi tare. Wanda kuma yake da lambar Mahyun, don Allah ya turo mini kafin Litinin, kafin a sake tashin uwarsa.