Bulok ɗin da Ya Tsage a Hanyar Taura

"Umma, wai da gaske Abba ne ya fasa wa Kaka mota?"

Hassana ce, 'yar shekara biyar, tana nuna tsagaggen bulok ɗin injin da aka shuka na'a-na'a a ramukansa a tsakar gida. Raihana ta ajiye tsintsiya. Shekara bakwai ke nan, kunyar ba ta sake ta ba.

A wani gareji a Dutse ta fara ganin Mu'az, ranar da ta raka mahaifinta Malam Talha gyaran tsohuwar motarsa. Ya fito daga ƙarƙashin mota, fuska duk baƙin mai, ya gai da Malam har ƙasa, ita kuwa ya kasa haɗa ido da ita. Kafin wata uku ya nemi izinin zuwa zance.

Malam bai hana ba, bai kuma saki fuska ba. Sai Raihana ta ƙulla dabara. Da motar ta sake komawa gareji, ta tura saƙo:

"Injiniyana, cire masa bulok ɗin baƙin ƙarfen nan, ka sa na alminiyam da ka ce ba shi da nauyi. Kada ka faɗa. In ya ji motar na tashi kamar tsuntsu, zai san wa zai ba 'yarsa."

"Sanyin idona, alminiyam ba ya son zafi. Gara a gaya wa Malam."

"In kana sona, yi shiru."

Ya canja bulok ɗin a ɓoye.

Abin da bai sani ba, ita kuma ta sha gani ta manta: duk sanda motar ta ɗau zafi, Malam jarka yake ɗaukowa ya sheƙa wa injin ruwan sanyi. Baƙin ƙarfe ya jure shekara ashirin. Alminiyam bai jure ko sau ɗaya ba. A hanyar Taura ya tsage, Malam na saurin zuwa walimar saukar ɗalibansa. Sai da aka watse ya isa, a kan acaɓa. Da asiri ya tonu, ya sa aka kira masa Mu'az.

"Wanda zai canja wa mota ciki a ɓoye, yaya zai yi da amanar 'yar mutum?" in ji Malam. "Kada ka ƙara tako min ƙofa."

"Laifina ne, Allah gafarta Malam," Mu'az ya ce a durƙushe. Ko sunanta bai ambata ba.

Tana bayan labule tana ji. Kwana uku loma ba ta wuce mata ba. A na huɗu ta durƙusa ta miƙa wa mahaifinta wayarta, saƙonnin a buɗe.

Malam ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau.

"Ke kika dafa, shi ya ƙone? Tsohon bulok ɗin fa?"

"Ya wanke shi ya adana, Baba."

"To ya dawo min da ƙarfena. Ya kuma turo magabatansa."

A wannan motar aka kai amarya, Malam na ta sa albarka. Tsagaggen bulok ɗin kuwa, cikin kayan ɗakinta ya sa aka loda shi. Allah ya ƙara musu zaman lafiya.

Raihana ta jawo Hassana jikinta.

"Ba Abbanki ba ne, 'yata. Ni ce."

Ke kuma 'yar'uwa mai karatu, kada ki taɓa sa mai sonki ya ɓoye wa iyayenki gaskiya, ko da don faranta musu ne. Ba kowane saurayi ne zai ɗauki laifinki a durƙushe ba, ba kuma kowane uba ne zai karanta saƙon har ƙarshe ba.