Fitilar Ofishin Malam

Ina wanke-wanke mai gadin jami'a ya zo. Wai an tsinci Malam a gindin tsanin littattafai a ofishinsa, kansa a fashe. Wai faɗowa ya yi.

Mijina masanin tarihin Girkawa da Rumawa ne. Ni ko sunayen littattafansa ban iya karantawa ba. Amma na san abin da ya ɓoye wa jami'a: idonsa ya daɗe da mutuwa. Me zai hau da shi tsani?

Na faɗa wa Sufeto, 'yar sandar da aka ba binciken.

"Wa kuma ya sani, Mama?"

"Auta. Ɗalibinsa. Shi ke masa karatu, shi ke rubuta abin da ya faɗa."

Ta soma da mai gadi. Yana bakin ƙofar jami'a tun safe, masu shiga da fita sun shaida. Sai mataimakin Malam, wanda ba sa ga maciji da juna. Shi kuma yana gaban ɗalibai a aji.

Auta kuwa kullum yana gidana zaman makoki.

"Mama, ina makullin ɗakin karatun Malam na nan gida? In tattara miki kayan."

Nakan ce ya ɓace. Ban yarda da shi ba, kuma a ɗakin ne rubuce-rubucen Malam suke.

A falona Sufeto ta tsare shi.

"Ka ga Malam ranar?"

"Na leƙa. Ya ce in tafi, zai yi karatu shi kaɗai."

"Karatu? Da wane idon?"

Sufeto ta ci gaba.

"Ofishin ba taga, kuma mun tarar da fitila a kunne. Makaho ba ya kunna wa kansa fitila. Littafin da ke buɗe a tebur yana fuskantar kujerarka, sabo fil, da sunanka a bango. 'Yar Malam ta ce ta karanta masa shi a makon, ya gane maganarsa ce ka kwashe. Ka buge shi, sannan ka jawo tsani."

Auta ya juyo gare ni. "Mama…"

"Kada ka ƙara kirana haka," na ce.

Makullin yana wuyana har yau. Kullum da safe kuma nakan jera takalman Malam a gefen gado, daidai inda ƙafarsa take laluba su.