Ladi a Kan Gadar Gaya

"Fito ka kalle ni, Hashimu!"

Ƙafafunsa kaɗai ake gani a ƙarƙashin babbar motar Alhaji Barmo, nan tashar Birnin Ƙonni. Ya daɗe kafin ya jawo jiki ya fito, hannuwansa baƙi ƙirin da mai.

"Gaskiya ne abin da ni ji? Kai za ka kwashe mu zuwa Gaya?"

"Gaskiya ne."

"Tilas anka yi maka?"

"A'a. Ni na roƙa."

Ladi ta ja da baya. Wannan ne Hashimun da ke ce mata sanyin idona? Wanda kowace Lahadi yake tsayawa gindin tsamiya yana jiran a tashi daga coci, don kawai ta gifta ya ce mata ina kwana?

"Kai ka roƙa..." ta maimaita a hankali.

"Mi ya dame ki da wanda zai ja mota, Ladi?" Ko kallonta bai yi ba. "Allah shi ba da zaman lahiya."

Ya koma ƙarƙashin motarsa.

Zaman lafiya da wa? A ina? Ta tsaya kamar an dasa ta, har wani mai jaki ya ce ta ba shi hanya.

Sunanta na coci Selestin, amma duk Ƙonni ba mai kiranta haka sai ubanta. Ranar Lahadi aka haife ta, maƙwabta suka ce Ladi, sunan ya bi ta. Ubanta Malam Dosu mutumin Dahomai ne, malamin lakwal, wato makarantar boko, tun zamanin Nasara aka turo shi. Lokacin da ya zo babu coci a garin. A zaurensa suka fara taruwa, shi da wasu ma'aikatan gidan waya 'yan ƙasarsu. Daga baya mutanen Togo suka zo aikin duwan, wato kwastan, sai Yarabawa 'yan tireda, sai Inyamurai masu kayan gyaran mota da suka tsallako daga Sakkwato. Da zaure ya yi musu kaɗan suka haɗa hannu suka gina ɗaki na ƙasa a bayan gari, Baba Adeyemi mai gyaran keke ya rataya tsohon ƙarfen taya ya zama ƙararrawa. Fada, limamin coci, yakan zo daga Dogon Dutsi jefi-jefi, sauran ranakun Malam Dosu ke jan addu'a. Kowa da waƙar garinsu, kowa da yarensa. In an fito bakin ƙofa kuwa, hira sai da Hausa, don ita kaɗai ce kowa ke ji.

A bayan wannan ɗakin aka binne uwar Ladi, tun Ladi na jaririya. Inna Larai, maƙwabciyarsu, uwar Hashimu, ita ta goye ta har ta yi ƙafa.

To, a ƙarshen shekarar 1963 gwamnatocin Nijar da Dahomai suka samu saɓani, aka ce ma'aikata 'yan Dahomai su tattara su koma ƙasarsu.

Ƙasarsu!

Ladi ba ta taɓa wuce Dogon Dutsi ba.

Da ta koma gida ta tarar da Kosi zaune kan akwatin ubanta. Ɗan Togo ne, ma'aikacin duwan, korar ba ta shafe shi ba. Shi ne ya ba ta labarin motar tun da safe.

"Kin tambaye shi?" in ji Kosi, muryarsa cike da tausayi. "Ai na hwaɗa miki. Har gida ya bi Alhaji Barmo shina roƙo. Wai shi zai share garin."

"Haka ya ce?"

"Ni dai abin da kunnena ya ji ke nan."

Malam Dosu ya ajiye littattafan da yake ɗaurewa. "Selestin, zauna. Kosi ya nemi aurenki. Addininku ɗaya. In kin amince kin zauna Ƙonni, ga kabarin uwarki, ga coci ba za a rufe shi ba. In kin ƙi, ki ɗaura kayanki mu tahi."

"Papa, ba na sonshi."

"Wa kike so? Wanda ya roƙi a ba shi motar korarmu?"

Ladi ta miƙe.

Ta fita ba tare da ta san inda za ta ba, ƙafafunta suka kai ta gidan Inna Larai. Tsohuwar na tankaɗen gero. Da ta gan ta sai ta ɗaure fuska, abin da ba ta taɓa yi mata ba.

"Inna, mi ni yi wa Hashimu?"

"Ke za ki tambaye ni?"

"Wallahi ban san komi ba, Inna!"

Inna Larai ta aje rariya. "Ladi, bayan ga nawa ya goye ki. Ɗiya kike gare ni. Amma suruka... a'a. An hwaɗa mani abin da kika ce. Wai duk ɗan da kika haifa, ɓoye shi za ki yi ki kai wa fada ya zuba mai ruwa ya zama ɗan coci."

"Ni? Wa ya ce na ce?"

"Wanda ya san cikinku."

"Inna, ki dube ni..."

"Tashi ki tahi, ɗiyata. Kada ki sa ni kuka."

Sai ga shi Inna Larai ɗin na kukan, tana share ido da bakin zane.

A hanya Ladi ta riƙa tambayar kanta. In 'yar Ƙonni ce, me ya sa ake korarta? In 'yar Dahomai ce, me ya sa ko gaisuwar can ba ta iya ba? Hashimu ya juya mata baya, Inna ta kore ta tana kuka, Papa na miƙa ta ga wanda ba ta so. Kosi kaɗai ke mata magana mai daɗi, shi kuma duk lokacin da ya yi murmushi sai ta ji gabanta ya faɗi.

Da yamma ta ce wa ubanta, "Zan bi ka."

Kosi ya ɗauki hularsa ya fita, ko sallama babu.

Ranar tafiya, da sassafe aka buga ƙarfen Baba Adeyemi. Suka yi addu'ar bankwana. 'Yan Dahomai suka ɗauko waƙarsu, ba su kai rabi ba muryoyi suka karye, Yarabawa da Inyamurai suka ƙarasa musu da guntun abin da suka riƙe. Ladi ta zagaya baya ta durƙusa gaban kabarin uwarta. Ta so ta ce wani abu, ta rasa da wane yare za ta faɗa.

A tasha ana ta loda akwatuna, katifu, kekunan ɗinki. Jandarma biyu na tsaye gefe. Ladi ta ɗora ƙafa kan taya za ta hau, sai ta ji an ce:

"Ke! Ina za ki?"

Hashimu ne, igiya a hannunsa, idanunsa waje.

"Inda ka roƙa ka kai mu."

"Amma... ba zama za ki yi ba?"

Jandarma ya busa usur. Hashimu ya tsaya yana kallonta kamar wanda ya ga fatalwa, sai da Alhaji Barmo ya daka masa tsawa sannan ya shiga mota.

Saboda girman Malam Dosu aka ce ya zauna gaba, ya jawo ɗiyarsa kusa da shi. Suka kama hanya. Har suka wuce gonakin Bazaga, karan gero a tsaye ba kowa, Hashimu bai ɗauke ido daga hanya ba.

Can ya yi gyaran murya.

"Malam, ka gafarce ni. Auren... an ɗaga shi ne?"

"Wane aure?"

"Na Ladi da Kosi. Shi da bakinshi ya ce mani an gama magana, bayan Kirsimeti za a ɗaura. Ya ce ita ta zaɓe shi, don ta zauna."

Ladi ta juyo gaba ɗaya. "Ya ce maka na zaɓe shi?"

"Har goro ya ba ni."

"Ka karɓa?!"

"Mi zan yi? Na karɓa, na je bayan mota na zauna. Shi ya sa ni roƙi Alhaji tahiyar ga. Ba ni iya zama gari ana kiɗan bikinki. Na ce aƙalla in kai Malam da hannuna, shi da ya koya mani karatun lakwal, kada wani ya wulaƙanta shi bisa hanya."

"Ba ka ce za ka share garin ba?"

"Ni? In share wa? In share ki?"

Ladi ta rufe fuska da tafukanta. Ta so ta yi dariya, kuka ya zo. Ta tuna maganar Inna Larai, wanda ya san cikinku, ta gane ko wane ne.

"Kai ma, Hashimu! Ka tambaye ni mana!"

"Kin zo kina huci, sanyin idona. Na ɗauka bankwana kika zo."

Malam Dosu ya yi tari mai ƙarfi.

"Ƙarya ce Kosi ya yi, na ji," in ji shi. "Amma ba abin da ta canza. Uwarka ba ta son ta. Danginka ba su son ta. Ba ni barin ɗiyata inda za ta zama abin nuni. Ja motarka."

Sai washegari da hantsi suka isa Gaya, bakin kogin da ya raba Nijar da Dahomai. Mota ba ta tsallakawa, nan bakin gada aka sauke kowa. Ladi ba ta taɓa ganin ruwa mai faɗin haka ba. Ta ɗauki ƙullinta a ka. Hashimu na tsaye jikin mota, ya kasa ko ɗaga hannu.

"Ladi..."

Ba ta waiga ba. Ta san in ta waiga ba za ta iya tafiya ba.

Ta bi bayan ubanta. Tsakiyar gada wasu mata daga ɗaya gefen suka taryo su da ƙwaryar ruwa. Wata dattijuwa ta rungume Ladi, ta riƙa zuba mata magana da yaren Dahomai, tana shafa mata kumatu, tana jiran amsa.

Ladi ta dubi matar. Ta dubi ubanta.

"Papa, mi take cewa?"

"Cewa ta yi, barka da dawowa gida."

"To mi zan ce mata?"

Malam Dosu ya buɗe baki zai koya mata, sai ya tsaya. Ya daɗe yana kallon ɗiyarsa, ɗaurin zanenta irin na matan Ƙonni, da lallen da ke hannunta. Ya sauke akwatinsa a hankali.

"Riƙe mani wanga," ya ce wa wani ɗan'uwansu. Ya kama hannun Ladi suka juya.

Hashimu na ganinsu ya taho da gudu, ya zube gaban tsohon.

"Tashi. Tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar Lahadi, in anka buga ƙarfe, za ka hana ta?"

"Wallahi ba ni hana ta, Malam."

"Uwarka fa?"

Hashimu ya sunkuyar da kai. "Ba ni iya yi maka alkawari da bakin Inna. Nawa kaɗai ni mallaka."

"Da ka ce za ta yarda, da na tahi da ɗiyata." Ya juya ga Ladi. "Selestin, ke fa? Ban taɓa tambayarki da gaske ba."

"Papa, ban sani ba... in na zauna na rasa ka, in na tahi..."

"Ba wannan na tambaya ba. Kina son shi?"

"Ina son shi."

"To. Ka kai ta gidan Baba Adeyemi, shi ne wakilina. Can za ka nemi aurenta, ba bisa hanya ba."

Ta ƙanƙame shi tana kuka. Ya zana mata alamar gicciye a goshi, ya cire hannuwanta daga rigarsa ɗaya bayan ɗaya, ya koma kan gada. Tana kallon farar rigarsa har ta ɓace cikin mutane.

Bayan wata biyu aka ɗaura auren. Kosi ya nemi canjin wurin aiki tun kafin ranar. Hashimu ya warware wa uwarsa ƙaryar da aka kai mata, ta saurara har ƙarshe, ta ce ta ji. Amma ba ta fito biki ba. Ladi ta tare, tana gaishe ta safe da yamma a durƙushe, amsa ɗaya take samu: "Lahiya."

Lahadin farko, ƙarfen Baba Adeyemi ya yi ƙara daga bayan gari. Waɗanda suka rage a cocin ba su cika benci biyu ba. Ladi ta shirya, ta tsaya bakin ɗakinta. Sai ta ratsa gaban Inna kafin ta kai zaure. Ta je ne? Ta zauna ne? Ta sa takalmi, ta cire, ta sake sawa.

Ta rufe ido ta fito.

"Ke!"

Ta tsaya cak.

Inna Larai ta taso daga kan tabarma, ta zagaye ta tana dubawa sama da ƙasa, fuska a murtuke.

"Haka za ki fita? Da ɗankwali a karkace, mutane su ce surukar Larai ba ta da mai duba ta?"

Ta warware ɗaurin, ta sake ɗaura mata shi tamau, har sai da Ladi ta ce wash.

"Tahi, kada ki makara. In kin taso ki biyo mani da kuka daga kasuwa."